Nono zalla wata shida: mu kaɗai ke fama da maganar ruwa?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ungozomomi da likitocin da ke wannan zaure. A wurin awo ana ta nanata wa mata cewa nono zalla jariri zai sha har wata shida, ko ɗigon ruwa kada a ba shi. Da an koma gida kuma sai kaka ta ce a zafin bazara irin namu hana jariri ruwa rashin imani ne, kuma ai Turawan da suka kawo dokar su kansu madarar gwangwani suke bai wa 'ya'yansu. Da gaske nono kaɗai yana kashe wa jariri ƙishirwa? Sauran ƙasashe ya suke yi da nasu jariran? A taimaka mana da bayanin da za a iya kai wa iyayenmu cikin ladabi su gamsu.

Anti Hauwa, ungozoma:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Yana kashewa. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da babu mai tsabtarsa a gidan. Nonon da ke fara zubowa idan jariri ya kama tsinkakke ne, shi ke maganin ƙishi. Wanda ke biyo baya ya fi kauri da maiƙo, shi ke ƙosarwa. Lokacin zafi za ki ga jariri yana yawan neman nono, ya ɗan tsotsa ya saki. Ƙishirwa ce yake kashewa, sai a ba shi duk sanda ya nema. An gwada wannan a ƙasashe masu zafi irin Indiya, aka auna fitsarin jariran da ke kan nono zalla, aka tarar ruwan jikinsu bai gaza ba. Ruwan da kaka take tausayin a bai wa jariri, a miƙa wa uwar ta sha.

Illar ruwa kuwa daga ƙanƙantar cikin jariri take farawa. Ranar haihuwa abin da yake ɗauka a sha ɗaya bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori. Rana ta uku wajen mililita 25, ƙarshen mako wajen 45 zuwa 60. Duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin cokalin nono. Yaro ya ji cikinsa ya cika ya rage tsotso, nono kuma gwargwadon tsotso yake kawowa, sai ya ja baya. Bayan makonni a ce uwar ba ta da nono, a ɗauko koko ko madara, alhali ruwan ne ya fara ɓata lamarin. Ga ƙwayoyin cutar da ke biyo ruwan randa da cokali da tafin hannu, su ke kawo gudawa, gudawa kuma ita ce ƙofar tamowa. Idan ruwan ya yi yawa ma yana tsinka gishirin da ke cikin jinin jariri, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba, har ta kai ga jijjiga.

Abin da aka yarda ya shiga bakinsa ban da nono: maganin da asibiti ta rubuta, ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari na sacet idan yana gudawa. Dauri, jiƙo, ruwan zafi da sukari, nonon akuya, man shanu, duk a ajiye. Zuma kuma a jira sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara.

Sai dakashi, kuma nan na fi so a tsaya. Wannan nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa, da wasu gidajen ke tatsewa a zubar ana cewa datti ne, ko a tsaya kwana biyu ko uku ana wanke nono ana gwada shi da tururuwa, shi ne rigakafin farko na yaro. Cike yake da garkuwar da ke shafe hanjin jariri ta hana cuta shiga, yana da sinadarin bitamin A, kuma yana tura baƙin kashin farko ya fita, abin da ke rage ciwon shawara. Kaɗan yake zuwa domin cikin ma kaɗan ne. Tururuwa kuwa ba ta da abin faɗa a kan lafiyar nono.

Da an haihu a goge jariri, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a bar shi ya kama nono kafin awa ɗaya ta cika. Wanka ya jira. Tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, don haka uwar ma tana cin moriya. Wani bincike da aka yi a karkarar Gana a kan jarirai sama da 10,000, aka buga a 2006, ya ƙiyasta cewa da kowane jariri zai fara shan nono cikin awar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mace-macen watan farko.

Dakta Bello:

Anti Hauwa ta gama da ruwa. Bari in ɗauki maganar Turawa, domin kaka tana da gaskiya a rabin zancenta. Rahoton da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2016 ya nuna cewa a Birtaniya yaran da ke kan nono har su shekara ba su kai 1 cikin 100 ba, alhali a Senegal da Gambiya kusan duka ne. Amma likitocinsu ba sa alfahari da hakan, matsala suke ɗaukarsa, suna kashe kuɗi don a gyara. Wancan rahoton ya ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara kimanin 823,000 'yan ƙasa da shekara biyar a kowace shekara, da mata kimanin 20,000 daga sankarar mama, kuma da an kauce wa kusan rabin gudawar yara da sulusin ciwon huhu.

Kowace al'umma da inda take yoyo. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta biyan mai jego albashi lokacin hutu. Makonni 12 ne babu biya, shi ma ba kowa ya cancanta ba, sai mace ta koma aiki da jariri ɗanye. Nowe kuwa, ita ma ƙasar Turawa ce, tana bai wa iyaye hutun kusan shekara da albashi, kuma kusan duk matansu suna fara shayarwa. Kenan abin bai shafi launin fata ba, ya shafi yadda aka tsara wa mace rayuwa bayan haihuwa. A Indiya da Pakistan suna da tasu al'adar ta ɗura wa jariri zuma ko jiƙon gargajiya kafin nono, da zubar da dakashi, kamar dai yadda ake yi a wasu gidajenmu. A biranen Sin madarar gwangwani ta samu karɓuwa sosai, har aka yi abin takaicin 2008, lokacin da aka gauraya madara da sinadarin melamin: yara kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu.

Mu namu yoyon daban ne. Matanmu ba sa ƙin shayarwa, suna kai wata 18, wasu shekara biyu. Inda muke faɗuwa shi ne kalmar zalla. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida da ke kan nono zalla kashi 17 ne cikin 100 a 2013, suka kai 29 a 2018, kuma ruwa ne babban abin da ake haɗawa da shi. Ruwanda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta haura kashi 80. Shi ya sa a 2019 aka ƙaddamar da gangami na musamman a Najeriya da sauran Afirka ta Yamma wanda ruwan kaɗai ya sa a gaba. A ganina wannan albishir ne, domin wanda ke shayarwa wata 18 abin da ya rage masa kaɗan ne: ya janye kofin ruwa na wata shida.

Game da madarar gwangwani, ba guba ba ce, kuma akwai jaririn da ita ce ceton ransa, kamar maraya wanda ba a samu mai shayar da shi ba. Sai dai sharuɗɗanta masu nauyi ne. Garin madarar kansa ba a raba shi da ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, don haka sai an tafasa ruwa, a dama tun zafinsa bai sauko ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Abin da ya kai awa biyu a ajiye zubarwa ake yi. Cokalin awo da ke cikin gwangwanin a cika shi a share baki, daidai da adadin ruwan da aka rubuta. Jariri yana buƙatar wajen kilo 20 na gari a wata shida, gwangwani 40 kenan masu nauyin giram 500. Inda ake samun ɓarna shi ne idan kuɗi ya gaza: a rage gari a ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata, yaro yana sha yana ramewa. Ga fida, wadda robar bakinta ke riƙe datti a inda soso ba ya kaiwa. Irin wannan ɓarnar a ƙasashe matalauta ce ta sa Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar 1981 da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba samfurin kyauta ga masu jego. A Najeriya NAFDAC ke da alhakin tsare ta. Ma'aikacin lafiyar da ya miƙa wa mai jego gwangwanin kyauta daga kamfani ya saɓa wannan ƙa'ida. Ko Amurka, da aka rufe wata babbar masana'antar madara a jihar Mishigan a 2022, iyaye sun yi ta zagayen kantuna ba su samu ba.

Malam Sani:

Dakta, Allah ya saka da alheri. Abin da zan ƙara shi ne kada a kai wa kaka wannan magana da sunan dokar Turawa, domin tun kafin su akwai ta a wurinmu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uba. Maigidan da ke son ɗansa ya sha nono zalla, to cefane da rage wa matarsa wahala suna cikin aikinsa.

Maganar da takan kawo gardama ita ce tauna dabino a shafa a dasashin jariri. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi, kuma malamai sun yi saɓani ko sunna ce ga kowa ko ta keɓanta da shi saboda albarkar yawunsa. Ko a wurin masu yi, shafawa ce 'yar kaɗan sau ɗaya. Ba ta zama hujjar ɗura ruwan dabino ko rubutu ko zamzam cokali-cokali kullum ba. Mai ƙuraje a baki ko mura ko tari kada ya yi. Zamzam da rubutu uwar ta sha, addu'a kuma a tofa.

Sai mai goyon da ta samu ciki. A gidaje da yawa ranar da aka gane, ranar ake cire yaro, wai nonon ciki yana sa zawo. A Sahihu Muslim Annabi ya ce ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya duba Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Likitoci ma sun ce mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, sai in tana zubar jini ko tana da tarihin naƙuda kafin lokaci, a nan sai ta ji ta bakin asibiti. Zawon da ake gani yawanci daga yayen gaggawa yake, an raba yaro da nono an jefa shi cikin abincin da bai saba ba.

Idan uwa ta rasu ko ta kasa, shari'a ta buɗe ƙofar wata ta shayar, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta yi. Sai a kiyaye abu biyu. A gwada jinin mai shayarwar, musamman cutar ƙanjamau. Kuma a rubuta a sanar da dangi, domin shayarwa tana haramta aure. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa ya wadatar, Shafi'iyya suka ce sai sau biyar. Wannan hukunci ne ya sa rumbun ajiyar nonon mata, irin wanda Birazil ke da fiye da 200 don bakwaini, bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba, sai inda aka tsara a san wadda ta bayar da wanda ya sha.

Maman Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura wadda za ta ce ta yarda, amma nononta ba ya isar yaron, kullum kuka. Da kuma mai komawa aiki ko makaranta.

Sista Ladi:

'Yar'uwa, kafin a yanke cewa nono bai isa ba a duba fitsari da sikeli, domin kuka ba awo ba ne. Daga rana ta biyar, jaririn da ke jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin ba ja ba, yana samun abin da ya ishe shi. Raguwar nauyi a kwanakin farko daidai ne in bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma ya kamata ya maido nauyin haihuwarsa kafin mako biyu. Wajen mako na uku, na shida da wata uku yara sukan ƙara ci, su manne wa nono kwana biyu ko uku. A nan mata da yawa ke karaya, alhali yaron odar ƙari yake bayarwa, kuma nono zai biyo.

Mafi yawan abin da ake kira ƙarancin nono, rashin kamu ne. A duba baki: ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta taɓa nono, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Kai da jiki su miƙe a layi ɗaya, cikinsa na fuskantar cikin uwa, a tallafe shi duka har ɗuwawu. A saita hancinsa da kan nono, a jira ya wage baki, sannan a kawo shi ga nono. Uwa kada ta sunkuya ta kai masa. In kamu ya yi kyau za a ga kumatu a cike, tsotso a hankali mai zurfi, a ji haɗiya. In kan nono kaɗai ya cafka, uwa za ta ji zafi, kan ya tsage, yaro ya daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba. Sai a sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa a cire shi a sake. Riƙe nono tsakanin yatsu biyu kamar almakashi yana hana shi kamawa da zurfi. A tallafo shi daga ƙasa da tafin hannu.

Sau 8 zuwa 12 a kwana, har da dare, domin sinadarin da ke haɗa nono ya fi yawa da dare. A bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa kafin a juya, in ba haka ba tsinkakken kawai zai riƙa sha. Idan nono ya cika ya yi tauri, a ɗan tatse kaɗan ya yi laushi yadda zai kamu. Idan wani gefe ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, kada a daina ba shi wannan nonon, bai lalace ba, barinsa a cike ne ke kai shi ga yin ruwa. In an kwana ɗaya babu sauƙi a tafi asibiti. Jaririn da ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya saki, ko ya yi zafi ko sanyi, ko maɗigarsa ta faɗa, asibiti nan take.

Mai fita aiki ta koyi tatsa da hannu tun mako biyu kafin ta koma. Ta wanke hannu, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bakin iyakar baƙin nan, ta danna ciki wajen ƙirji sannan ta matse ta saki, tana zagayawa, minti 20 zuwa 30 tana sauya nono. Ta tara a kofi mai murfi da aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, a zafin bazara a rage, a ajiye kofin cikin kwanon ruwan sanyi a inuwa. A firji mai tsayayyar wuta kwana huɗu. Inda wuta ke ɗaukewa kada a dogara da wannan lissafin. Ba a ɗora shi a wuta, cikin ruwan ɗumi ake tsoma kofin. Mai reno ta zaunar da jariri, ta jingina ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa ya riƙa lasa da kansa, kada ta zuba masa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da hutun mako 12 da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ma'aikatan tarayya mako 16, jihohi irin Kaduna da Legas wata shida ga ma'aikatansu. Mai talla da mai aikatau da mai zuwa gona babu dokar da ta kai gare su, sai dai gida ya rufa musu.

Anti Hauwa, ungozoma:

Sista ta yi bayani. In ƙara da abincin mai jego, tunda shi ake fara zargi. Ba sai ta ci na musamman ba: ƙarin kwano ɗaya a kan abin da ta saba, da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi ko nama in da hali, da ruwa duk sanda ta ji ƙishi. Kunun kanwa kuwa a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar.

Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da ke shan maganinta kullum, a tsarin Najeriya nono zalla za ta bayar wata shida, ta ci gaba tare da abinci aƙalla zuwa shekara; gauraya nono da ruwa ko koko a watannin farko ya fi zama haɗari ga jaririnta. Mai ciwon hanta nau'in B ta shayar, a yi wa jariri allurar rigakafin ciwon cikin awa 24 da haihuwa. Nono zalla yana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: jini bai dawo ba, yaro bai cika wata shida ba, kuma ana ba shi dare da rana ba haɗi. Ɗaya ya faɗi, a nemi wata hanyar tazara.

Ranar da ya cika wata shida sai a fara abinci da ruwa mai tsabta a kofi, nono na nan. A fara da cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata tara sau uku zuwa huɗu. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, garin kifi ko ƙwai. Tsinkakken koko da sukari cika ciki kawai yake yi, kuma a wannan tsakanin, daga wata shida zuwa shekara biyu, tamowa ta fi kama yaranmu. In lokacin yaye ya zo a riƙa rage sha ɗaya bayan 'yan kwanaki, na rana kafin na dare, a kan makonni, ba tare da shafa maɗaci ko kwashe yaro zuwa gidan kaka a yini ɗaya ba. Kada a yaye shi yana ciwo ko yana farfaɗowa daga ciwo.